Makaɗan jitar bes na Birtaniya

Jitar bes ita ce jitar nan mai dogon wuya da kakkauran tsirkiya huɗu, wadda ke fitar da amo mafi zurfi a ƙungiyar kiɗan zamani. Aikinta na asali shi ne ta tsaya tsakanin mai ganga da mai waƙa, ta riƙe ɗaya da hannun dama, ɗaya da na hagu. A Amurka aka haife ta: Leo Fender ne ya fito da samfurin Precision a jihar Kalifoniya a 1951, domin ya hutar da makaɗa ɗaukar ƙaton gogen Turawan nan da ake tsayarwa a ƙasa ana finciko tsirkiyarsa da yatsu. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka janyo ta daga bayan fage zuwa gaba 'yan Birtaniya ne, musamman tsakanin 1960 da tsakiyar shekarun 1980.

Farkon lamarin akwai talauci a cikinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta taƙaita shigo da kayan Amurka don ta tattala dala, kuma sai a 1959 aka sassauta wa kayan kiɗa. A tsakanin nan ne salon skiffle na su Lonnie Donegan ya mamaye ƙasar, samari suna haɗa bes ɗinsu da akwatin katakon shayi da sandar tsintsiya da igiya ɗaya tal. Wanda ya fara suna da bes mai aiki da lantarki shi ne Jet Harris na ƙungiyar The Shadows, wadda ke yi wa Cliff Richard kiɗa. Ya fara da Framus ta Jamus kafin Fender ta zo hannunsa, kuma a talabijin yara da yawa suka fara ganin wannan kayan kiɗa a wuyansa. Duk da haka, al'adar lokacin ita ce a miƙa bes ga wanda ya fi kowa rauni a jita.

Haka ta faru da Paul McCartney, ɗan Liverpool da aka haifa a 1942. Mai jita ne. Da mai bes Stuart Sutcliffe ya bar The Beatles a Hamburg a 1961 don ya koma zane, John Lennon da George Harrison suka ƙi karɓar bes, sai ta faɗo kansa. A can Hamburg ya sayi Höfner mai siffar goge a kan kimanin fam 30. Bahago ne, ita kuma ɓangarorinta biyu iri ɗaya ne, don haka ko an juya ta ba ta muni. An sace wannan jita daga cikin mota a Landan a 1972, ba a sake jin ɗuriyarta ba sai a farkon 2024 da aka sanar cewa ta koma hannunsa.

Abin da McCartney ya yi da ita ya samo asali ne daga faya-fayan Motown na Detroit, inda James Jamerson yake kaɗa bes kamar mai rera waƙa ta biyu a ƙarƙashin ta farko. A lokacin ba a rubuta sunayen makaɗa a jikin faifan, saboda haka samarin Ingila sun daɗe suna kwaikwayon mutumin da ba su san sunansa ba. Daga 1965 McCartney ya ƙara da Rickenbacker mai kaifin amo. A 1966, wajen ɗaukar "Paperback Writer" a sutudiyon Abbey Road, injiniyoyi suka juya lasifika ta zama makirufo domin ta kama zurfin bes ɗin, abin da kamfanin EMI yake ɗari-ɗari da shi don gudun kada allurar garmaho ta yi tsalle a kan faifai. Zuwa 1967 ya kan bari sai an gama ɗaukar komai, sannan ya zauna ya tsara layin bes a natse. Wannan jinkiri shi ya ba shi damar mayar da bes abin da ake tsarawa kamar yadda ake tsara karin waƙa. Masu karatu a Najeriya za su so su san cewa a Legas, a sutudiyon EMI da ke Apapa, ya ɗauki yawancin kundin Band on the Run a 1973. Fela Kuti ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da ya ɗauka kafin ƙura ta lafa.

John Entwistle na The Who ya bi wata hanya dabam, ta ƙarfi. Ɗan Chiswick ne a yammacin Landan, ya koyi busa ƙahon Turawa tun yana yaro, kuma yana tsaye a dandali kamar gunki alhali yatsunsa na gudu. Matsalarsa ita ce Keith Moon, mai gangar da ba ya riƙe bugu, sai dai ya yi ta ruwan duka ko'ina, ga Pete Townshend yana ta ƙara wa jitarsa murya. Entwistle ya tara lasifikoki daga shagon Jim Marshall da ke Hanwell, ya buɗe kaifin amo har bes ta riƙa ratsa hayaniyar. A "My Generation" ta 1965 aka tsaya aka ba bes fili ita kaɗai, abin da kusan ba a saba ji ba a faifan da ya shiga kasuwa sosai. A shekara mai zuwa ya haɗa kai da James How na kamfanin Rotosound suka inganta tsirkiya mai naɗin waya zagayayye, mai ƙara kamar ta fiyano, wadda har yau ita yawancin makaɗa ke ɗaurawa. A ƙuri'ar masu karanta mujallar Rolling Stone ta 2011 shi aka zaɓa gwarzon masu bes. Da mujallar ta yi nata jerin a 2020 sai ta sa Jamerson a kan gaba, Entwistle na uku, kuma wannan hukunci ya fi kusa da adalci.

Jack Bruce, ɗan Sikotilan, shi ne mafi zurfin ilimi a cikinsu. Ya karanci kiɗan gargajiyar Turai a makarantar kiɗa ta Glasgow, ya yi jaz, sannan ya kafa Cream da Eric Clapton da Ginger Baker a 1966. Mutum uku ne kawai, don haka in Clapton ya tafi yawo da jita, ba mai cike gurbin sai Bruce, shi kuwa maimakon ya tsare gida sai ya bi shi yawon. Shi ne kuma babban mai waƙarsu. Shi da Baker ba sa ga-maciji tun suna ƙungiyar Graham Bond, kuma ana jin wannan faɗa a cikin kiɗan. Ƙungiyar ta watse a 1968.

Ba kowa ya nemi gaba ba. Bill Wyman na The Rolling Stones ya tsige ƙarafan da ke gicciye a wuyan wata arhar jita tun a farkon shekarun 1960, ya yi ta kiɗansa a hankali har ya bar ƙungiyar a 1993. John Paul Jones ya shekara da shekaru yana kiɗan haya a sutudiyoyin Landan kafin Led Zeppelin ta 1968, kuma gwanintarsa ita ce sanin inda zai bar wa mai ganga John Bonham sarari. Herbie Flowers, shi ma ɗan haya, ya ɗora bes biyu, ta katako da ta lantarki, a "Walk on the Wild Side" ta Lou Reed a 1972. Da bakinsa ya ce kuɗin kayan kiɗa biyu yake hange. A ɓangaren ƙaton goge akwai Danny Thompson na Pentangle, abokin kiɗan John Martyn, wanda ya musulunta a 1990, da Dave Holland ɗan Wolverhampton, wanda Miles Davis ya ji shi a kulob ɗin Ronnie Scott a 1968 ya kira shi New York.

Daga zuriyar Entwistle da Bruce aka samu masu nauyin hannu. Geezer Butler na Black Sabbath, ɗan unguwar Aston a Birmingham, ya sassauta tsirkiyarsa don ya bi mai jita Tony Iommi, wanda injin masana'anta ya datse wa kan yatsu biyu, kuma shi ya rubuta yawancin baitocin ƙungiyar. Chris Squire na Yes ya sa Rickenbacker ta yi ƙara kamar ƙarfe a bakin maƙera. Lemmy, bayan an kore shi daga Hawkwind a 1975, ya kafa Motörhead yana dukan tsirkiya biyu uku lokaci guda kamar mai jita. A wannan shekarar Steve Harris ya kafa Iron Maiden a gabashin Landan, da salonsa na sukuwar doki da yatsu biyu.

Tushe na biyu bayan Motown, wanda jerin gwanaye na mujallu ya cika mantawa da shi, Jamaika ne. Tun zuwan jirgin ruwan Empire Windrush a 1948 mutanen Karebiyan suka zauna a Brixton da Notting Hill da Handsworth, kuma da yake ba a maraba da su a gidajen rawa da yawa, sai suka gina nasu manyan akwatunan lasifika suna kiɗa a gidaje da ɗakunan taro. A wannan kiɗa na rege bes ce sarauniya. Ba ta gudu, ba ta kaifi, a ƙirji ake jin ta, kuma shirun da ke tsakanin bugu biyu yana da daraja daidai da bugun. Dennis Bovell, haifaffen Barbados da ya tashi a kudancin Landan, shi ne jigon wannan makaranta: ya kafa Matumbi, ya tsara "Silly Games" ta Janet Kay a 1979, ya daɗe yana yi wa mawaƙin baka Linton Kwesi Johnson kiɗa, ya kuma ɗauki kundin farko na The Slits, inda Tessa Pollitt take riƙe da bes.

Fararen samarin da suka tashi a waɗannan unguwanni sun sha daga nan. Paul Simonon na The Clash bai iya komai ba da ya shiga ƙungiyar. Ya rubuta sunayen sautuka a wuyan jitarsa, ya koya da bin faya-fayan rege saboda a cikinsu ne ake jin bes tangaran. Hotonsa yana rotsa Precision a dandalin Palladium na New York a 1979, wanda Pennie Smith ta ɗauka, shi ne bangon kundin London Calling. Jah Wobble na Public Image Ltd ya kai nauyin rege matuƙa, Sting ya kai shi kasuwar duniya da The Police, Horace Panter ya kai shi Coventry da The Specials. Zamanin punk na 1976 ya buɗe ƙofa ga wanda bai ƙware ba, ciki har da mata irin su Gaye Advert da Gina Birch, ko da yake ya haifar da Sid Vicious, wanda ya fi kowa suna da riƙe bes alhali mai jita Steve Jones ne ya kaɗa kusan duk ta kundin Sex Pistols. Peter Hook na Joy Division da New Order ya sayi tasa bayan ya ga Sex Pistols a Manchester a 1976. Lasifikarsa ta banza ce, ba ya jin kansa sai ya hau can saman wuyan jitar, mawaƙinsu Ian Curtis ya ce ya zauna a can, sai bes ta zama ita ke ɗauke da karin waƙar.

Shekarun 1980 na ƙwararru ne. John Deacon na Queen, mai digiri a fannin lantarki, ya gina "Another One Bites the Dust" a 1980 a kan abin da ya ji wurin Bernard Edwards na Chic. Mark King na Level 42 mai ganga ne tun asali, kuma da babban yatsa ya riƙa marin tsirkiya yana waƙa a lokaci guda. Mick Karn na Japan, haifaffen Nikosiya, da Pino Palladino ɗan Cardiff sun sa bes marar ƙarafan wuya ta riƙa zamewa kamar muryar mutum. Palladino ya fi kowa daɗewa a kasuwa: daga Paul Young a 1983, zuwa Voodoo na D'Angelo a 2000, inda ɗan Birtaniya ya mayar wa Amurka darasin Jamerson. Da Entwistle ya mutu a Las Vegas a watan Yunin 2002, ana gobe za a fara rangadi, Palladino ne The Who suka kira, cikin 'yan kwanaki ya hau dandali.

Daga farkon shekarun 1990 mafi zurfin amo a kiɗan Birtaniya ya fara fitowa daga na'ura. Jikokin masu akwatunan lasifika suka ƙirƙiro jungle a Landan da Bristol, sannan dubstep a Croydon bayan shekara ta 2000, duka ba tare da tsirkiya ba. Masu jita ba su ƙare ba: Mani na The Stone Roses, Colin Greenwood na Radiohead, Chris Wolstenholme na Muse, Yolanda Charles a sutudiyo, Shingai Shoniwa ta Noisettes. Tom Jenkinson, wanda aka sani da Squarepusher, ya zauna a tsakiya, yana tsara bugun jungle a kwamfuta sannan ya bi shi a guje da bes mai tsirkiya shida.