Daga Lifidin Zazzau Zuwa Ƙaton Ƙarfe: Tarihin Hawa da Riƙon Linzami

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah ya ga 'yan lifida suna wucewa, mutum da doki duk a lulluɓe, ba a ganin komai sai idanu da kofato. Amma kaɗan ne daga cikin 'yan kallo suka taɓa tambayar yadda aka yi wannan bawan Allah ya hau, da kuma yadda yake juya dokinsa alhali ko waiwaye da ƙyar yake yi. Waɗannan tambayoyi biyu, wato hawa da sarrafawa, su ne suka daɗe suna cin tuwo a ƙwaryar marubutan ƙagaggun labaran kimiyya, tun daga ranar da suka ƙago mutum-mutumin ƙarfe mai tsawon bene wanda ɗan Adam ke tuƙawa. Wannan maƙala za ta bi tarihin amsoshin da suka bayar, sannan ta dawo gida don mu ga abin da marubucin Hausa zai tsinta.

Tun a 1880 marubucin Faransa Jules Verne ya kawo labarin wata giwar ƙarfe mai aiki da tururi, wadda ake tuƙa ta daga wani ɗan ɗaki a bayanta. Amma a ƙasar Japan ne abin ya zauna da gindinsa. A 1956 Mitsuteru Yokoyama ya fito da labarin zane mai suna Tetsujin 28. A nan yaron da ke da ƙaton ba ya hawansa, yana tsaye ne daga gefe da wani ɗan akwati a hannu, yana ba shi umarni. Hikimar labarin ita ce ƙaton ba shi da ra'ayin kansa. Duk wanda ya ƙwace akwatin, na kirki ne ko azzalumi, shi ne ubangijinsa.

A 1972 Go Nagai ya matso da mutum kusa, a cikin Mazinger Z. An ce cunkoson motoci ne ya sa shi tunanin motar da za ta miƙe da ƙafafu ta tsallake na gabanta. Yaronsa, Koji Kabuto, yakan shiga wani ƙaramin jirgi, ya tashi sama, ya sauka daidai cikin ƙoƙon kan ƙaton. Da jirgin ya zauna, sai ƙarfe ya motsa. Ma'anar a fili take: jiki na ƙarfe ne, amma hankali na mutum ne.

Da aka zo 1979, Yoshiyuki Tomino ya sauko da matuƙi daga kai zuwa cikin cikin ƙaton, a labarin Gundam. Tsawon ƙaton mita 18 ne, amma kayan soja ne kurum, yana lalacewa, harsashinsa yana ƙarewa, akwai kanikawa masu gyara shi. Amuro Ray, ɗan shekara 15, ya faɗa cikinsa ne a tsakiyar hari, yana buɗe littafin bayani yana neman abin da zai danna. Waɗanda suka kalli talabijin na NTA a ƙarshen shekarun 1980 kuwa ba za su manta da Voltron na 1984 ba, inda matuƙa biyar kan zurara ta ramuka daga fada, kowa ya isa wurin zakinsa ya sa makulli, sannan zakunan su haɗu su zama jiki ɗaya.

A 1995 Hideaki Anno ya kai abin maƙura da Evangelion. Ana sa yaro ɗan shekara 14 cikin wani dogon bututu, a cusa bututun ta ƙeyar ƙaton, a cika shi da wani ruwa, a haɗa jijiyoyin yaron da na abin hawansa. In aka karya hannun ƙato, yaro ne zai yi ihu. A fim ɗin Pacific Rim na 2013 kuma, nauyin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa ɗaya, sai mutum biyu sun haɗa tunani, kowa ya ga sirrin zuciyar ɗan'uwansa.

In mai karatu ya lura, tarihin nan hanya ɗaya ya bi. Daga akwati a hannu, zuwa kai, zuwa ciki, zuwa jijiya. Kullum mahayi yana ƙara matsowa, kuma gwargwadon kusancinsa, gwargwadon abin da zai biya. Wanda ke gefe akwati kawai zai rasa. Wanda ke ciki kuwa ransa ne a kan layi.

To, mu dawo birnin Zariya. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma shi ne ya kawo wa Zazzau yaƙi har wajen Turunku. Daga baya lifidi ya zama ƙashin bayan rundunonin ƙasar Hausa, har da ta Zazzau. Riga ce mai kauri da ake ɗurawa da auduga, sau da yawa audugar rimi, itacen da ya yi wa Zariya suna, a ɗinke ta gida-gida, a sa wa doki tasa, mahayi tasa. Kibiya mai dafi takan maƙale a ciki ba ta kai ga fata ba. Sai dai kariyar tana da farashi. Bature Clapperton, wanda ya ratsa Zariya a 1826, ya ga 'yan lifida a rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma rubuta cewa sai an taimaka musu suke hawa. Wanda ya faɗo a fagen fama, tashi aiki ne. Abokan gaba kuma sun gano kibiyar wuta, domin auduga ba ta shiri da wuta. Daga ƙarshe bindiga mai jigida ta Turawa, a Kano da Sakkwato a 1903, ta mayar da lifidi kayan ado.

Sarrafawar ma haka. Ɗan lifida ba ya danna komai. Da linzami yake magana da bakin doki, da gwiwa da likkafa da ƙaimi yake magana da haƙarƙarinsa. In doki ya tsorata, mahayi zai ji a cinyarsa tun kafin ya gani da ido. Ga mai ɗaure majayi, ga mai riƙe likkafa, ga zagi a gaba. Ashe abin da Anno ya nema da bututu da ruwa, baraden Zazzau sun san shi da sirdi.

Abin takaici shi ne, a Zariyar nan aka buɗe mana wannan ƙofa, amma ba mu shiga da yawa ba. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda baƙo Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya. Jirgin na baƙo ne, Kilba ɗauko shi aka yi. Fiye da shekara 50 ke nan, ya kamata a ce ƙannen Kilba sun karɓi linzami.

Saboda haka, ɗan'uwa mai sha'awar rubuta irin wannan labari, kada ka ce jaruminka ya shiga ya danna maɓalli, shi ke nan. Faɗa mana wa ya ɗora shi, wa ya ja ƙofa ya rufe shi, me yake gani, me ya ɓace masa, ina zafi ke shiga, kuma in ƙaton ya faɗi, wa zai zo ya fito da shi. In ka rasa amsa, ka yi sammako ranar hawa, ka je inda ake shirya 'yan lifida a cikin birni, ka gaida dattawan wurin, ka zauna ka kalla. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.