Tarihin Karɓar Bashi a Nijeriya, Tsakanin Ƙarfi da Sulhu

Tun kafin a san banki a ƙasar Hausa, fatauci da bashi yake tafiya, kuma abin da ya riƙe wannan bashin shi ne lamuni, wato wani mutum sananne ya tsaya a tsakani ya ɗauki alhakin cewa za a biya. Wanda ya fi yin wannan aiki shi ne mai gida ko fatoma, mutumin da ke saukar da baƙin fatake a gidansa, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da dillalai. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya nuna yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanun Arewa bashi ba tare da takarda ba, bisa lamunin mai gida kaɗai, wanda idan mahauci ya cinye kuɗin shi zai biya, ko kuwa baƙinsa su koma wani gida. Saboda haka hukuncin mai taurin bashi yana hannun kasuwa: da zarar masu gidaje suka haɗa baki suka daina ba mutum kaya, sana'arsa ta tsaya sai ya biya.

Idan magana ta fi ƙarfin zaure, sai a je gaban alƙali, inda fiƙihun Malikiyya ya rarrabe mutum biyu da mai bin bashi yakan so ya haɗa su wuri ɗaya. Akwai wanda ba shi da abin biya, wanda shari'a ta ce a saurara masa har ya samu, akwai kuma wanda yake da shi ya ɓoye, wanda alƙali yana iya tsare shi har gaskiyar halinsa ta bayyana. Wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa kuwa, wato muflisi, ana hana shi taɓa abin da ya mallaka, a sayar a raba wa masu binsa gwargwadon abin da kowa ke bi. An yarda da sulhu, har mai bin bashi ya yafe wani kaso na kuɗin da lokacin biyansu ya yi, amma malaman mazhabar sun hana a rage bashin da wa'adinsa bai cika ba domin a gaggauta biya, saboda suna ganin ƙofa ce ta riba.

Banki ya zo da wani tsari dabam, inda jingina, wato takardar gida ko fili da ake ajiyewa, ta maye gurbin fuskar mai lamuni. An kafa Bank of British West Africa a 1894, Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, amma rikicin bashi bai zama na ƙasa baki ɗaya ba sai bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da bankuna suka ƙaru daga kimanin 40 zuwa kusan 120 cikin 'yan shekaru. Da yawa daga cikinsu daraktocinsu ne manyan masu cin bashinsu, suna ba kamfanonin kansu rance daga kuɗin masu ajiya, don haka babu wanda zai aika a karɓo.

Gwamnatin Janar Sani Abacha ta amsa da ƙarfin soja. Doka ta 18 ta 1994 ta kafa kotuna na musamman don karɓo bashin bankunan da suka durƙushe, ta ba su ikon yi wa mutum shari'a ko da ya gudu, ta kuma sa sharaɗin beli ya haɗa da ajiye rabin kuɗin da ake tuhuma. An karɓo kuɗi, an ɗaure wasu, amma an kuma tsare mutane tsawon lokaci ba a yanke musu hukunci ba, kuma duk da haka sai da aka soke lasisin bankuna 26 a Janairun 1998. Da mulkin farar hula ya gabato a 1999 aka rushe kotunan, shari'o'in suka koma Babbar Kotun Tarayya, inda ɗage zama ya zama makamin wanda ake bi.

Abin ya sake dawowa a 2009. A ranar 14 ga Agusta, Gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi ya cire shugabannin bankunan Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, ya zuba wa bankunan naira biliyan 420, sannan aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, hukumar EFCC mai yaƙi da almundahanar kuɗi kuma ta shiga bin su. Tona asiri ya girgiza wasu, sai dai bai isa ya cike ramin ba, shi ya sa a 2010 aka kafa hukumar AMCON, wadda aikinta shi ne ta saye ruɓaɓɓen bashi daga bankuna, ta bi shi da kanta. Ta sayi basussuka sama da 12,000 a kan kimanin rabin ƙimarsu ta takarda, kuma a nan ne asalin sulhun zamani yake, domin wanda ya sayi bashin naira ɗari a kan hamsin yana iya karɓar saba'in ya ce bai faɗi ba.

Sulhun yakan bi hanya sananniya. Lauyoyin ɓangarorin biyu su fara daidaita lissafi, domin sau da yawa kuɗin ruwa da tara sun ninka uwar kuɗi, kuma a kansu ake yin ragi, ba kasafai ake taɓa uwar kuɗin ba. Sai a nemi a ajiye wani kaso nan take don nuna kyakkyawar niyya, a rarraba sauran zuwa wa'adi, ko a miƙa gida ko hannun jari a madadin kuɗi, sannan a kai yarjejeniyar kotu ta zama hukunci, ta yadda idan aka saɓa, bashin ya koma yadda yake. Inda sulhu ya ci tura hukumar takan naɗa mai riƙon kamfani, kamar yadda ta yi wa kamfanin jiragen sama na Arik a Fabrairun 2017. Amma tsohon shugabanta Ahmed Kuru ya sha bayyana cewa mutane da kamfanoni kimanin 350 ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ake bi, kuma su ne masu lauyoyin da ke iya jan shari'a shekaru. Gyare-gyaren dokar hukumar a 2019 da 2021 sun ƙara mata ikon bin asusu da kama kadarori, abin da shi kansa shaida ce cewa na baya bai wadatar ba. Ƙananan basussuka kuwa, na ƙasa da naira miliyan 100, tun 2016 aka miƙa su ga kamfanoni masu zaman kansu da ke karɓa bisa la'ada, kuma mai aiki don la'ada bai cika tambayar ko mutum rashi ne ya hana shi biya ko tauri ba.

A kan ƙananan masu cin bashi ne ƙarfi ya fi aiki. Daga 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire kuɗin da suke bi daga duk wani asusun da ke ɗauke da BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, ta mai cin bashin, a kowane banki, bisa izinin da ya sa wa hannu ranar karɓar rance. Manhajojin ba da rance a waya kuma sun dawo da tsohon makamin kunya, amma ba tare da mai gida da zai tsaya a tsakani ba, suna aika wa surukai da abokan aikin mutum saƙo cewa ɓarawo ne saboda naira dubu goma. Sai a Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu rajista.