Amfilifayar Alfarma: Na'urar Sauti Mai Farashin Gida

Amfilifaya na'ura ce da ke karɓar sauti mai rauni daga faifai ko kwamfuta ko makirufo, ta ƙara masa ƙarfin lantarki har ya iya motsa lasifika. Ita ce ake gani a masallatai da wuraren biki, kuma akwai ƙaramarta a cikin kowace wayar salula. Sai dai akwai wani rukuni nata da ake ƙerawa domin ɗakin mutum ɗaya mai sha'awar sauraren kiɗa, wanda farashinsa kan kai na mota, wani lokaci ma na gida sukutum.

Asalin na'urar yana komawa ga shekarar 1906, lokacin da Ba'amurke Lee de Forest ya ƙirƙiro wani ƙwan gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa, mai iya ƙara ƙarfin sigina. A 1947 masana a ɗakin binciken Bell suka samar da tiransisto, wanda ya fi ƙwan ƙanƙanta da araha da ƙarko, ya kuma kore shi daga kusan dukkan rediyoyin duniya. Wajen masu sayen kayan alfarma kuwa ƙwan bai rasa kasuwa ba. Kamfanin McIntosh, wanda aka kafa a 1949 yake kuma aiki a garin Binghamton na jihar New York, ya fitar da samfurin MC275 mai ƙwan gilashi a 1961, kuma har yau ana ƙera sabon zubinsa.

A Japan, injiniya Hiroyasu Kondo ya fitar da Ongaku a 1989. Wayoyin da ya naɗe a cikin taransifomarta na azurfa ne, ba jan ƙarfe ba, kuma ƙarfinta bai wuce wat 27 ga kowace lasifika ba, alhali kuɗinta dubban daloli ne masu yawa. Wasu kuma girma suka sa a gaba. Relentless ta kamfanin Dan D'Agostino na Amurka ta fito a 2018 a kan dala 250,000 guda biyu, kowace ɗaya ta haura kilo 250. Wani maƙeri ɗan Italiya, Andrea Pivetta, ya nuna wadda ya kira Opera Only, mai nauyin tan ɗaya da rabi, a kan kimanin dala miliyan biyu.

Wani ɓangare na wannan tsada yana da dalili a fili. Kamfanonin ba su ƙera na'urar da yawa, saboda haka kuɗin bincike da zane yana hawa kan mutane ƙalilan. Da hannu ake haɗa ta, akwatin kuma sau da yawa daga dunƙulen alminiyam ake sassaƙo shi. Wasu samfuran suna aiki da tsarin da ake kira aji na A, inda wuta ke gudana a cikinsu a kowane lokaci ko da babu sautin da ke fita. Tsarin yana rage gurɓacewar sauti, amma mafi yawan lantarkin da yake sha zafi yake komawa, don haka dole a yi masa manyan ƙarafan sanyaya. Daga nan dillali da mai kanti su ɗora nasu kason, wanda ba ƙarami ba ne.

Abin da aka daɗe ana jayayya a kai shi ne ko kunne yana jin wannan kuɗi. A 1985 injiniya Bob Carver ya ƙalubalanci mujallar Stereophile da ta zaɓi duk amfilifayar da ta ga dama, shi kuma zai daidaita tasa mai araha har ta yi sauti irin nata. Editocin suka zaɓi wata mai ƙwan gilashi da ta ninka tasa tsada sau da yawa. Bayan ya yi gyare-gyarensa, sun amsa a rubuce cewa sun kasa bambance su. A watan Janairun 1987 mujallar Stereo Review ta wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi wa masu saurare ba tare da sun ga na'urar da ke aiki ba. Cikin na'urorin akwai ta Pioneer mai kuɗi ƙasa da dala 250, akwai kuma ta dala 12,000, amma amsoshin jama'ar ba su fi na mai cinke ba.

Masu wannan sha'awa ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce ɗan gajeren gwaji yana takura kunne, kuma sai an zauna da na'ura makonni kafin halinta ya bayyana. Suna da gaskiya a wuri ɗaya: amfilifaya mai ƙwan gilashi takan ƙara wa sauti wani kauri da awo ke iya nunawa, kuma mutane da yawa suna jin daɗinsa. Amma wannan ƙari ne a kan abin da mawaƙi ya naɗa, ba amincin sauti ba ne. Injiniyoyi da dama sun fi ɗora muhimmanci a kan lasifika da tsarin ɗakin, domin can ne bambanci ke fitowa ƙarara. Ga kuma wani abu da 'yan kasuwar ba su cika faɗa ba: kunnen matashi yana kama sauti har zuwa motsi 20,000 a daƙiƙa, yana raguwa da shekaru, masu halin sayen irin wannan kaya kuwa galibi sun manyanta.

Masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya yi bayani tun 1899 a kan kashe kuɗi domin a gani, kuma har yau da sunansa ake kiran hajar da tsadarta ce ke jawo mata masu saye, kamar agogon alfarma. Amfilifaya ba ta shiga wannan aji gaba ɗaya ba, tun da a ɗaki take zaune, ba a ɗaura ta a hannu. Mai ita yakan ɓata shekaru yana canza waya da faifai da mazaunin kujera. A 2016 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa wasu masu wannan sha'awa a Japan har turken lantarki na kansu suke biya a kafa musu a ƙofar gida, da taransifomarsa, don kada firji da kwamfutar maƙwabta su gurɓata wutar da ke shiga na'urarsu.