Tafkin Chadi da Hujjar Masu Shakkar Sauyin Yanayi

Daga cikin hujjojin da masu shakkar sauyin yanayi ke kawowa a yankinmu, guda ɗaya ce ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba a kan jahilci aka gina ta ba. Mai ita cewa yake, shekara da shekaru ana nuna mana hotunan Tafkin Chadi, ana cewa ɗumamar yanayi ta cinye kashi 90 cikin ɗari na faɗinsa, sai ga bincike ya nuna tafkin ya daina tsukewa. Haka kuma farin da ya afka wa Sahel a shekarun 1970 da 1980, sau uku masana suna sauya bayanin musabbabinsa. Shaidar da ya sauya magana sau uku, in ji shi, alƙali ba ya yanke hukunci da bakinsa. Ba zan shiga batun awon iskar kabon da masanin kimiyya Keeling ya fara a Mauna Loa a 1958 ba, ko matsayar rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na duniya. Tafkin zan bi.

Rabin maganarsa na farko gaskiya ne. Alƙaluman da ake yawan ambata, wato murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963 zuwa wajen 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, kwatanci ne tsakanin lokacin da ruwa ya cika maƙil da lokacin da fari ya kai maƙura. Tafkin ba shi da zurfi, kuma galibin ruwansa daga kogunan Shari da Logone yake zuwa, saboda haka da zarar damina ta yi rauni a kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya, sai gaɓa ta ja baya da nisa. Tun farkon ƙarni na 20 mai bincike Jean Tilho ya tarar da shi a tsuke. Pham-Duc da abokan aikinsa (2020) sun nuna cewa ɓangaren kudu bai ragu ba cikin shekaru ashirin ɗin da suka duba, kuma akwai ruwa mai yawa a ƙarƙashin ciyayi wanda hoto na yau da kullum ba ya kamawa. Ko a 2007 ma wata kotu a Ingila ta ce fim ɗin Al Gore kan ɗumamar yanayi bai kawo isasshiyar hujjar ɗora bushewar tafkin a kan ɗumamar duniya ba. Wannan kashi 90 ɗin ya fi yawo a bakin 'yan siyasa da masu neman tallafi fiye da a mujallun kimiyya.

Inda muka raba hanya da mai hujjar shi ne batun sauya magana. Charney (1975) ya ce yawan kiwo ne ya tuɓe ƙasa, ƙasar ta riƙa mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. Makiyaya suka ɗauki laifin, kuma har yau zargin bai gama barinsu ba. Sai ruwa ya fara dawowa a shekarun 1990, taurarin ɗan'adam suka ga Sahel ta sake yin kore, alhali ba a daina kiwo ba. Folland (1986) ya riga ya nuna yatsa ga zafin teku, sannan Giannini da abokan aikinta (2003) suka ɗora wa kwamfuta awon zafin teku kaɗai, ta fitar da farin kusan yadda ya auku. Bayani na uku, cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin Atlantika har ya tura damina kudu, bai ƙaryata na biyu ba. Tambaya ce ta gaba ya amsa, wato me ya sauya tekun. Ina ganin da wuya a kira wannan tufka da warwara. An gwada ra'ayi da awo, ya gaza, aka rage masa matsayi. Kuma hannun ɗan'adam bai fita daga lissafin ba, wurinsa kawai ya sauya daga ruga zuwa masana'anta.

Akwai kuma abin da mai hujjar bai lura da shi ba. Da me ya san tafkin bai ƙafe ba? Da awon tauraron ɗan'adam, irin wanda ake auna hawan teku da narkewar ƙanƙara da shi. Ban ga yadda zai karɓi na'urar a Baga, yankin tafkin, ya ƙi ta a Girinlan ba. Ko masanin kimiyya Richard Muller, wanda ya fara da shakku, ya sake lissafin zafin duniya da tawagarsa a Berkeley, ya bayyana a 2012 cewa alƙaluman da yake zargi daidai suke.

Sai dai dole in taƙaita da'awata iya inda hujja ta tsaya. Ban ce iskar kabon ce ta haddasa farin 1973 ba. Hasashen yawan ruwan Sahel nan gaba ma bai zama bai ɗaya ba: da dama na nuna yamma, wajen Senegal, za ta ƙara bushewa, tsakiya da gabas kuma su ƙara samun ruwa. Tashoshin awon ruwan sama sun yi mana ƙaranci, abin da ke raunana kowane lissafi. Abin da ya fi ƙarfi shi ne hauhawar zafi da kuma yadda ruwan ke sauka. Taylor da abokan aikinsa (2017) sun gano cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun 1982, suka kuma danganta hakan da ƙarin zafin Sahara. Idan haka ne, cikar tafkin da ambaliyar 2022 ba su saɓa wa bayanin ɗumamar yanayi ba, ko da yake ba za a iya dogara da cikar tafkin kaɗai a tabbatar da shi ba.