Tarihin Makarɓar Duffy, Ƙofar da Jinin Yawancinmu Bai da Ita

Makarɓar Duffy furotin ce da ke zaune a jikin jajayen ƙwayoyin jini da bangon ƙananan jijiyoyi. Tana cikin dangin makarɓan kimokin. Kimokin kuwa ƙananan sinadarai ne da jiki ke fitarwa daga inda cuta ta shiga ko rauni ya samu. Fararen ƙwayoyin jini su kan ji su ta makarɓansu, su bi sawu har wurin ciwon. An san kimokin wajen 50 a jikin ɗan Adam, makarɓansu kuma wajen 20. Duffy ce ta fi shafar mutanen Sakkwato, domin a Afirka ta Yamma sama da kashi 90 cikin 100 na jama'a ba su da ita a jajayen ƙwayoyinsu.

An ga tasirinta tun kafin a san da ita. Daga 1917 likitan Ostiriya Julius Wagner-Jauregg ya fara sa wa masu tunjeren da ya taɓa ƙwaƙwalwa zazzaɓin cizon sauro da gangan, don zafin jikin ya kashe ƙwayar cutar. Da aka kai dabarar Amurka, Mark Boyd da abokan aikinsa a Florida suka lura, a shekarun 1930, cewa nau'in zazzaɓin da ake kira Plasmodium vivax ba ya kama yawancin baƙaƙen fata, ko da sauro mai ɗauke da shi ya cije su. An ɗauki shekara arba'in kafin a gano dalili.

A 1950, a Landan, Marie Cutbush da Patrick Mollison suka gano wani sabon rukunin jini a jikin wani majinyaci mai cutar rashin daskarewar jini, wanda aka sha yi wa ƙarin jini. Sunansa, Duffy, aka laƙaba wa rukunin. A 1955 Ruth Sanger ta nuna cewa yawancin baƙaƙen fatar Amurka ba su da alamar wannan rukuni sam. Louis Miller ne ya haɗa zaren biyu a 1975 da 1976: ƙwayar vivax sai ta kama Duffy kafin ta kutsa cikin jar ƙwayar jini. Ƙofa ce, inda babu ita, ƙwayar cutar ba ta da mashiga.

Har a lokacin babu wanda ya san aikin da Duffy ke yi wa jiki, don ilimin kimokin bai kankama ba sai a 1987 da aka ware IL-8, mai kiran fararen ƙwayoyin da ake ce wa nutrofil. A 1991 aka lura jajayen ƙwayoyi na tsotse IL-8 daga cikin jini, sannan a 1993 Richard Horuk ya tabbatar da cewa Duffy ce mai tsotsewar. Ita ba ta aika saƙo cikin ƙwaya kamar 'yan uwanta. Kamawa take yi ta riƙe, ta daidaita yawan kimokin da ke yawo. Shi ya sa aka sake mata suna ACKR1. A 1995 masana a Faris suka gano cewa canjin harafi ɗaya tak a ƙwayar gado ne ya kashe ta a jajayen ƙwayoyin mutanen Afirka, alhali tana nan daram a bangon jijiyoyinsu.

Shekara guda bayan haka dangin makarɓan kimokin suka yi suna a duniya, da aka gano cewa ƙwayar ƙanjamau ta makarɓan CCR5 da CXCR4 take shiga fararen ƙwayoyi. Kimanin Bature ɗaya cikin 100 ba shi da CCR5 mai aiki, kuma daga irinsu aka samo ƙwayoyin ɓargon da aka dasa wa Timothy Ray Brown, wani mai ƙanjamau, a Balin a 2007, ya warke. A shekarar ce kuma aka amince da maraviroc, maganin da ke toshe CCR5. Gadon rashin CCR5 da wuya a same shi a Afirka ta Yamma.

A Sakkwato, wani bincike da masanan Jami'ar Usmanu Danfodiyo suka wallafa a 2014 kan mata masu juna biyu ya samu cewa ƙalilan ne cikinsu ke da alamar Duffy. Amma kada a ɗauka rashin nata rigakafi ne daga zazzaɓin da ke kwantar da yara a unguwannin bakin fadamar Rima daga Agusta zuwa Oktoba. Wannan aikin wani nau'in ne, falciparum, wanda ke da hanyoyin shiga da dama, kuma shi ne mai kisa.

Inda lamarin ya fi bukatar kulawar likitocinmu shi ne takardar gwajin jini. A 2008 da 2009 aka tabbatar da cewa marasa Duffy kan kasance da nutrofil kaɗan a jininsu, suna kuma cikin ƙoshin lafiya. Ma'aunin da ke cikin littattafai, cewa ƙasa da 1,500 a kowace maikrolita matsala ce, an ɗauko shi ne galibi daga jinin Turawa. Sai lafiyayyen mutum ya karɓo sakamako da alama a gefen lambar, hankalinsa ya tashi, a yi ta maimaita masa gwaji. Mafi muni, a kan jinkirta wa mai ciwon daji maganinsa, ko a hana mai taɓin hankali maganin clozapine, saboda lambar da a wurinsa daidai take. A 2015 Amurka ta sassauta ƙa'idar clozapine don irin waɗannan mutane. Ɗakunan gwajinmu sun cancanci ma'aunin da aka auna daga jinin mutanenmu, kuma aiki ne da jami'o'in arewa za su iya.

Ita ma kariyar daga vivax ta fara nuna ɓaraka. A 2010 aka samu cutar a jikin marasa Duffy a Madagaska, daga baya a Habasha, Kamaru da Mali, sannan a kudancin Najeriya a 2018. Vivax na ɓuya a hanta ta dawo bayan watanni, kuma kayan gwajin gaggawa da aka fi amfani da su a asibitocinmu falciparum kaɗai suke ganewa. Maganin da ke fitar da ita daga hanta, primaquine, yana farfasa jajayen ƙwayoyin masu ƙarancin sinadarin G6PD, waɗanda suke da yawa a yankinmu, don haka sai an gwada mutum kafin a ba shi.