Muƙabalar Ann Arbor da Harshen Tambayar Kwamfuta

Wani ma'ajin ƙungiyar manoman auduga a Malumfashi ya aiko da tambaya, yana neman sanin dalilin da ya sa, alhali an shigar da sunayen manoma cikin kwamfuta tun rabon takin zamani ta waya a 2012, har yau sai an nemo gwani kafin a san wa ya karɓa a Funtua, wa aka tsallake. Mas'alar tsohuwa ce, kuma asalinta yana Amurka.

A watan Mayun 1974, a garin Ann Arbor, aka yi muƙabala tsakanin shaihunnan fanni guda biyu. Charles Bachman, wanda ya karɓi lambar Turing a 1973, yana kan cewa wajibi ne mai neman bayani ya san kowace hanya ta cikin rumbun, ya bi rubutu ɗaya zuwa na gaba. Edgar Codd kuwa, mutumin Ingila ma'aikacin IBM, wanda ya shimfiɗa ƙa'idarsa a 1970, ya ce a jera bayanai cikin jadawali, mutum ya faɗi muradinsa kawai, na'ura ta nemo hanya da kanta. Hujjar Codd ce mafi rinjaye, domin ita ta tuna da gama-garin jama'a, sai dai ya lulluɓe ta da alamomin manɗiƙi waɗanda akawun ofis ba ya iya warwarewa.

A wannan majalisi ne Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gabatar da SEQUEL, harshen da suka gina da kalmomin Turanci na yau da kullum, domin akawu da injiniya su yi tambaya ba tare da tafinta ba. Boyce ya rasu a shekarar, bai cika talatin ba. Daga baya aka taƙaita sunan zuwa SQL, aka tabbatar da shi mizani a 1986.

Wasu na da'awar cewa buri ya cika, tun da harshen ya game duniya. Magana mafi inganci ita ce ya faɗa hannun masu rubuta manhaja, saboda sauƙin nahawunsa bai ɗauke wa mutum sanin yadda aka tsara jadawalan ba. Ga manomin Katsina kuma akwai ƙarin hijabi: luggar ta Turanci ce.