Ginshiƙai 49 da Ba Mu Gani Ba

Duk Juma'a muna cika Masallacin Shehu da na Sarkin Musulmi Bello, muna alfahari da tsufansu. Amma ginin da muke jingina da shi na siminti ne. A farkon shekarun 1960, zamanin Sardauna, aka sabunta Masallacin Bello. Yaya masallatan Sakkwato na farko suke?

Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya zauna cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Bayan shekara 7, a 1824, Baturen Birtaniya Clapperton ya iso, ya tarar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima yana gina sabon masallaci da dukiyarsa. Abin da ya rubuta ya nuna rufin soro ne shimfiɗaɗɗe, an jera itatuwa an daɓe su da ƙasa. Rufin yana zaune kan bakuna, bakunan kuma kan ginshiƙai, sahu 7, kowane sahu guda 7. Ginshiƙan na itace ne, an yaɓe su an yi musu zane. A kudu an keɓe wa Sarkin Musulmi ɗan wuri.

Shugaban maginan Bazazzagi ne, ya ce mahaifinsa ya koyo gini a Masar. Ashe tun lokacin ilimin hannu yana biyo hanyar alhazai, kamar yadda littattafai suke biyowa.

Ba ma zargin waɗanda suka sabunta masallatanmu. Jama'a ta ƙaru, damina kuma ba ta raga wa ginin ƙasa. Sai dai akwai wata hanyar. A ƙauyukan Ingila ana samun cocin da ƙofarsa ta ƙarni na 12 ce, hasumiyarsa ta ƙarni na 15, kowane zamani ya ƙara nasa ba tare da share na baya ba. A Zariya ma, da aka faɗaɗa masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, an bar wani sashensa a cikin sabon.

Mu masu aikin manhaja mun san ba a goge tsohon aiki sai an adana kwafinsa. Har yanzu akwai tsofaffin masallatan unguwa da zaurukan ƙasa a cikin gari, ga waya a kowane aljihu. Kafin a sa diga, mu ɗauki hoto, mu auna, mu tambayi liman da dattawa wa ya gina, yaushe. Kada jikokinmu su sake neman kamannin masallacinsu a littafin baƙo.